Yaƙi, Zaman Lafiya da Tallafin Ƙasashen Waje: Tambayoyin da Kanawa Ke Yawan Yi

Tun farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashe, maganar nan ba ta bar bakin mutane ba a Kano. Ana yin ta a majalisun ƙofar gida, ana kiran gidajen rediyo a kanta, ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi suna yi, 'yan kasuwar Dawanau ma haka. Wasu na cewa gara da aka janye, dama da walakin. Wasu na cewa yara ne za su mutu. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, daga masu sauƙi zuwa masu nauyi.

1. Duk kuɗin da ya shigo daga waje tallafi ne?

A'a, kuma rashin rarrabewar nan ne ke jawo rabin gardamar. Akwai agajin gaggawa: abinci, magani, tanti da ruwan sha ga wanda yaƙi ko ambaliya ta raba da gidansa. Akwai tallafin raya ƙasa, wanda ake zubawa shekara da shekaru a rigakafi, makarantu, noma da ruwa. Akwai kuma taimakon soja, wato horo, bayanan sirri da makamai. Kowanne da manufarsa, kowanne da irin ɓarnar da yake iya yi.

Sai kuma bashi, wanda sau da yawa ake shelarsa kamar kyauta. Sabon ginin fasinjojin ƙetare na filin jirgin Malam Aminu Kano da rancen China aka yi shi. Shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Kano ke ciki, rancen Bankin Duniya ne mai sauƙin ruwa, kuma za a biya shi. Kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke turo wa danginsu, kimanin dala biliyan 20 a shekara, wannan zumunci ne, ba ya cikin lissafin tallafi.

2. Nawa ne kuɗin, kuma wane kaso Najeriya ke samu?

A 2024 ƙasashe masu arziki sun bayar da tallafin da ya kai kusan dala biliyan 212. A wannan shekarar duniya ta kashe sama da dala tiriliyan 2.7 a kan soja da makamai, wato fiye da ninki goma sha biyu. Tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da cewa kowace ƙasa mai hali ta ware kashi 0.7 cikin ɗari na abin da take samu, amma ƙasashe ƙalilan ne irin su Norway suka riƙe alkawarin.

Najeriya tana samun dala biliyan uku zuwa huɗu da ɗoriya a shekara. In aka raba wa mutum sama da miliyan 200, kowa ba zai tashi da dala ashirin da biyar ba. Saboda haka duk wanda ya ce da tallafi Najeriya take rayuwa bai duba lissafin ba. Nijar ce ke cikin wannan hali, domin kafin juyin mulkin 2023 kusan kashi 40 cikin ɗari na kasafin kuɗinta daga waje ake sa ran zuwansa. Matsalarmu mu ita ce ɗan abin da ke shigowa ya taru a wurare masu rai: rigakafi, zazzaɓin cizon sauro, cuta mai karya garkuwar jiki da abincin yara masu tamowa. Amsa ta 15 ta yi bayanin abin da hakan ya jawo.

3. Mu a Kano ba yaƙi ake ba. Me ya haɗa mu da wannan magana?

Wanda ya yi wayo kafin 2012 ba zai yi wannan tambaya da sakin jiki ba. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 an kai hare-hare a ofisoshin jami'an tsaro a cikin birni, mutum aƙalla 185 suka rasu. A Janairun 2013 aka buɗe wa ayarin Sarki Ado Bayero wuta, kwanaki kaɗan bayan nan gwamnati ta hana acaɓa, dubban matasa suka rasa abin yi a dare ɗaya. A Maris na shekarar bam ya tashi a tashar New Road da ke Sabon Gari. Ranar 28 ga Nuwamban 2014 aka kashe masallata sama da ɗari a babban masallacin Juma'a na ƙofar fada. Kafin duk wannan akwai rikicin Maitatsine na Disamban 1980 a 'Yan Awaki, wanda ya ci rai sama da 4,000.

Ko da bindiga ba ta tashi a nan ba, Kano gari ne na kasuwa, kuma kasuwa tana jin yaƙin nesa a jikinta. Da hanyar Gamboru ta lalace, baƙin Chadi da Kamaru suka ragu a Kantin Kwari da Singa, kifin Baga ya yi wuya. Da yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022 fulawa ta tashi, masu gurasa da masu biredi suka fara kokawa. Da Sudan ta kama da wuta a Afrilun 2023 ɗalibanmu aka yi ta kwasowa ta Masar. Ga kuma 'yan gudun hijirar Borno, Yobe, Zamfara da Katsina da ke zaune cikin unguwanninmu ba tare da sansani ko rajista ba.

4. Talauci ne ke haifar da yaƙi, ko yaƙi ne ke haifar da talauci?

Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa, amma ba daidai wa daida ba. Da talauci shi kaɗai yake kunna yaƙi, da Jigawa ta riga Borno da Zamfara kamawa, domin tana sahun gaba a duk wani ƙidayar talauci, amma ta fi su zama lafiya. Abin da talauci ke yi shi ne ya sauƙaƙa farashin matashi. Wanda ba shi da gona, ba shi da sana'a, ba shi da ranar aure, babur da dubu kaɗan suna iya sayen sa. Amma sai an samu mai saye, kuma sai an samu ƙullin da ke cikin zuciya.

Ƙullin nan galibi zalunci ne. A 2017 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta yi hira da ɗaruruwan tsofaffin mayaƙa a Afirka, har da na Boko Haram, kuma kashi 71 cikin ɗari suka ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Mu ma mun ga haka. An kashe shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 ba tare da shari'a ba, ƙungiyar da ta dawo bayan shekara guda kuma ta fi ta farko muni nesa ba kusa ba. A Zamfara rikicin ya tsiro ne daga burtalin da aka nome, shanun da aka sace ba a bi kadinsu ba, alƙalin da aka saya, da 'yan sa-kai masu kisa a kasuwa. Wannan ba uzuri ba ne ga mai kisa. Bayanin inda wutar ta samo iska ne.

Ɗaya ɓangaren kuwa babu gardama a kansa. UNDP ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin arewa maso gabas ya yi sanadin mutuwar mutum kusan 350,000. Kimanin 35,000 ne kawai harsashi ko bam ya kashe. Sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti, kuma mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A ganina duk mai maganar yaƙi da sauƙin baki ya kamata ya riƙe wannan lissafin.

5. Agajin nan ya taɓa ceton wani da gaske?

Ƙwarai kuwa. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shigo, Janar Yakubu Gowon ya yi ta bin ƙauyuka, aka raba matatar ruwa, aka haƙa rijiyoyi. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 aka tabbatar cutar ta ƙare. Yaron yau bai ma san ta ba. Shan inna ma haka: yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano a Sumaila yake, a Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Gidan sauron da ake rabawa, maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana bai wa yara da damina, da maganin masu cuta mai karya garkuwar jiki, mafi yawan kuɗinsu daga asusun Global Fund da shirye-shiryen Amurka irin su PEPFAR suke fitowa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna kwantar da yara masu tamowa a Unguwa Uku, kuma sun yi aiki sosai lokacin da mashaƙo ya addabi Kano a 2023. Uwar da ta shiga da yaro ƙashi da rai ta fito da shi yana wasa ba ta buƙatar a yi mata lacca a kan amfanin agaji.

6. To me ya sa mutanenmu ke yi wa kayan Turawa kallon zargi?

Zargin yana da tushe, kuma a nan garin aka dasa shi. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daga baya kuma aka gano hukumar leƙen asirin Amurka ta yi amfani da rigakafin bogi a Pakistan a 2011 wajen neman Usama bin Laden.

Sai dai mu ne muka biya farashin gudun. Kano ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa Yulin 2004, sai da aka kawo maganin da aka sarrafa a Indunusiya. A tsakanin nan cutar ta bazu daga arewacin Najeriya zuwa ƙasashe kusan ashirin. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a asibitoci biyu a Kano, 'ya'yan talakawa masu neman na abinci. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigar sarakuna, hakimai, masu unguwanni da malamai, da kuma haɗa rigakafin da duba lafiya kyauta. Mutane sun karɓa da suka ga fuskar da suka sani.

7. Gaskiya ne agaji yana iya tsawaita yaƙi?

Gaskiya ne, kuma ma'aikatan agaji da kansu ne suka fi kowa rubutu a kai. Babban misalin a ƙasarmu ya faru. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, bayan Fatakwal ta faɗi a 1968, Biyafara ta rasa hanyar teku. Ƙungiyoyin coci suka riƙa tashi da jirage cikin dare daga tsibirin Sao Tome zuwa filin Uli da abinci. Sun ceci yara masu ɗimbin yawa daga yunwa. Amma a wannan filin jiragen makamai ke sauka, kuma kuɗin ƙetare da ƙungiyoyin ke canzawa suna shiga baitulmalin Biyafara. Masana tarihi da dama suna ganin haka ya ja yaƙin fiye da inda zai tsaya. Wasu likitocin Faransa da suka yi aiki can su ne suka kafa MSF a 1971.

A 1994 abin ya fi muni. Bayan kisan ƙare-dangi na Ruwanda, waɗanda suka yi kisan suka tsallaka garin Goma na ƙasar Kwango tare da jama'a, suka zama su ne shugabannin sansanonin 'yan gudun hijira. Su ke ƙirga mutane, su ke raba abinci, suna sake ɗaura ɗamara. Reshen Faransa na MSF ya tattara ya fice saboda wannan. A 1996 aka far wa sansanonin, yaƙin Kwango ya soma.

Hanyoyin ɓarnar sanannu ne. Mai bindiga ya tare hanya ya karɓi kasonsa. Ko ya ƙara yawan sunaye a rajista. Ko kuma, wanda ya fi ɓoyuwa, agaji ya ɗauke wa gwamnati nauyin ciyar da mutanenta, ita kuma ta juya kuɗinta wani wuri. Duk da haka ba a barin yaro ya mutu don kada soja ya ci. A Somaliya a 2011, da ƙungiyar mayaƙan al-Shabab ta hana masu agaji shiga, dokokin yaƙi da ta'addanci kuma suka tsorata masu bayarwa, mutum kusan 260,000 yunwa ta kashe.

8. An ce ƙungiyoyin agaji ne ke ɗaukar nauyin Boko Haram. Haka ne?

Maganar ta yi ƙarfi a Fabrairun 2025, da wani ɗan majalisar Amurka, Scott Perry, ya ambaci Boko Haram cikin waɗanda ya ce kuɗin hukumar tallafin Amurka, USAID, na kaiwa gare su. Bai gabatar da hujja ba, jakadan Amurka a Abuja kuma ya musanta. A Satumban 2019 ma sojoji sun rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a arewa maso gabas, bayan 'yan makonni gwamnati ta ɗage dakatarwar. A ɗaya hannun, mayaƙan sun tayar da bam a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja a Agustan 2011, kuma a 2018 sun kashe ungozomomi biyu na Red Cross da suka sace a Rann ta jihar Borno. Inda suke samun kuɗi ba ɓoyayye ba ne: harajin kifi da tattasai a tafkin Chadi, satar shanu, kuɗin fansa, da makaman da suke ƙwacewa in sun afka wa sansanin soja.

Cewa wani abinci ko magani yana ɓullewa zuwa daji, wannan mai yiwuwa ne, ta hanyoyin da aka faɗa a amsa ta 7. Tambayar da ta fi dacewa a yi wa ƙungiyoyin ita ce: cikin kowace dala, nawa ke isa hannun ɗan gudun hijira, nawa ke tafiya a albashi, otal da hayar gidajen Maiduguri? Wannan haƙƙinmu ne mu tambaya, kuma wajibinsu ne su amsa.

9. Don me za su yi wa ɗan ta'adda magani?

Domin ƙa'idar aikin ke nan tun kafuwar Red Cross a 1863, kuma yarjejeniyoyin Geneva na 1949 da Najeriya ta amince da su sun tabbatar da ita: wanda ya ji rauni ya fita daga yaƙi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, wanda ya san umarnin Sayyidina Abubakar ga rundunarsa na kada a kashe mace, yaro ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya. Ranar da likita ya zaɓi ɓangare, ranar ce asibitinsa ya zama abin hari.

10. Ina kayan agajin suke maƙalewa?

A hannunmu, sau da yawa. A Yunin 2017 fadar shugaban ƙasa da kanta ta ce cikin kowace mota ɗari ta hatsi da ake tura wa arewa maso gabas, kusan hamsin ba sa isa. A watan ne gwamnati ta nemi afuwar Saudiyya saboda tan 200 na dabinon azumi da aka gani a kasuwa. A Oktoban 2020 jama'a suka fasa rumbuna a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafin korona a jibge. Har abincin tamowa, ɗan ƙullin gyaɗa da madara da aka rubuta ba na sayarwa ba ne, yana zuwa tebur a kasuwa.

Shi ya sa hukumomi da yawa suka koma bai wa mutum kuɗi ta kati ko waya, ya sayi abin da yake so a kasuwar garinsu. Hakan yana rage tsadar dakon kaya, ba ya kuma karya farashin manomin gida kamar yadda hatsin waje ke yi. Amma in wanda ke rubuta sunaye ɗan siyasa ne, an dawo gidan jiya.

11. Taimakon soja daga waje yana kawo zaman lafiya?

Tarihinsa ba shi da daɗi. Amurka ta zuba kimanin dala biliyan 145 a sake gina Afganistan, fiye da rabi a kan soja da 'yan sanda, amma a Agustan 2021 Taliban ta shiga Kabul. Rundunar ƙawancen Amurka da Turai, NATO, ta taimaka aka kifar da Gaddafi a 2011, makaman rumbunansa suka watsu cikin Sahara, arewacin Mali ta faɗi a 2012. Faransa ta yi shekara tara a Mali ta fita a 2022, rikicin ya riga ya haura Burkina Faso da Nijar.

Akwai inda ƙarfin soja ya buɗe ƙofa. Rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda Najeriya ta ɗauki mafi yawan nauyinta, ta shiga Laberiya a 1990, ta mayar da Shugaba Kabbah kan mulki a Saliyo a 1998. A 2015 sojojin Chadi da Nijar sun taimaka aka ƙwato garuruwa irin su Gamboru da Damasak. Amma a Laberiya sai da aka zauna a Accra a 2003 kafin wuta ta mutu. Makami kuma yana da nasa kuskure. A Janairun 2017 jirgin sojanmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, sama da mutum ɗari suka rasu. A Disamban 2023 jirgi maras matuƙi ya faɗa wa masu Maulidi a Tudun Biri, aƙalla 85 suka rasu. Duba amsa ta 4 kan abin da irin wannan ke shukawa a zuciyar wanda ya tsira.

12. Takunkumi fa? Ai ya fi yaƙi sauƙi.

Ya fi sauƙi ga wanda ya ƙaƙaba shi. Bayan sojoji sun tsare Shugaba Bazoum na Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, Turai ta dakatar da tallafi. Motocin kaya suka yi layi a Jibiya da Maigatari, magani ya yi ƙaranci a Maradi da Damagaram, cinikin Dawanau ya ja baya. Janar Tchiani da ya karɓe mulkin bai sauka ba. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Nijar kuma ta bar ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso.

Abin lura shi ne waɗanda aka buɗe wa ƙofa a Yamai lokacin da aka ƙi sauraron jakadu: Muhammadu Sanusi II ya gana da Tchiani a Agustan 2023, bayansa tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau. Dangantakar jini, addini da kasuwa ta yi abin da barazana ta kasa.

13. Ya halatta a yi sulhu da masu riƙe da bindiga?

Kusan duk yaƙi a kan tabarma yake ƙarewa, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi sulhun Hudaibiyya da sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi. Tambayar ita ce wane irin sulhu. Afuwar da Shugaba 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 ta rage faɗa, domin suna da shugabanni sanannu, sun miƙa makamai, an kuma yi musu alawus da horo. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Katsina a 2016 da 2019, da na Zamfara a 2019, bai daɗe ba. Dabobin suna da yawa, babu mai iko da kowa, makamai ba su fito ba, kuma ba a taɓa asalin rikicin ba.

Shirin gyaran tubabbu da aka fara a 2016, mai sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe, da dubban da suka miƙa wuya bayan mutuwar Shekau a Mayun 2021, sun rage mayaƙa a daji. Amma bazawarar da ke kallon an bai wa wanda ya kashe mijinta keken ɗinki, ita ko kwano ba a ba ta ba, tana da gaskiya in ta ƙi yafewa. Sulhun da bai fara da wanda aka zalunta ba yana ajiye rikici ne don gobe. Aikin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna ya nuna wata hanya. Su biyun sun yi asara a rikicin addini na 1992, kuma su suka jagoranci sasanta Yelwa da Shendam na jihar Filato a 2005, bayan kashe-kashen 2004 da ramuwarsu ta zubar da jini a nan Kano.

14. Tallafi ya tayar da Turai bayan yaƙin duniya. Me ya hana ya tayar da mu?

Shirin Marshall na Amurka, wanda aka fara a 1948, ya zuba kimanin dala biliyan 13 a ƙasashe 16. Amma waɗannan ƙasashe suna da injiniyoyi, kotuna, ma'aikatan haraji da masana'antu. Gini ne ya rushe, mutanen da suka iya gina shi suna nan. Mu kuwa abin da ya zo mana da sunan gyara a 1986 shi ne shirin tsuke bakin aljihu na SAP na zamanin Babangida, bisa shawarar asusun ba da lamuni na IMF da Bankin Duniya. Naira da ta fi dala daraja a hukumance ta koma kusan huɗu a dala ɗaya cikin shekara guda. Masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa da ke sayo kayan gyara daga waje suka fara tangal-tangal, rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri suka ƙarasa su. A 2005 ƙasashen da ke binmu bashi sun yafe dala biliyan 18 bayan mun biya kimanin 12, yau kuma mun sake nutsewa.

A duba abin da ya fi canza rayuwar manomin Kano: madatsar Tiga da gwamnatin Audu Bako ta kammala a 1974. Shinkafa, tumatir da alkamar Kura, Kadawa, Bunkure da Garun Malam daga ruwanta suke. China ta fitar da mutum kusan miliyan 800 daga ƙangin talauci ta hanyar noma, masana'anta da ciniki. Tallafi yana iya kawar da cuta guda, ya riƙe rai a lokacin masifa. Samar wa matasan Kurna da Rijiyar Lemo aiki kuwa sai wuta, ruwa, tsaro da gwamnati mai jin kunyar jama'arta.

15. Yanzu da ake janyewa, me ke faruwa?

Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafi, zuwa 1 ga Yuli an rufe USAID, hukumar da aka kafa tun 1961. A Fabrairu Birtaniya ta ce za ta rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 nan da 2027, ta kuma faɗa ƙarara cewa soja za ta ƙara wa. A Yuli hukumar abinci ta WFP ta yi gargaɗin dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. MSF ta ce yara 652 masu tamowa sun rasu a cibiyoyinta na Katsina a wata shida na farkon shekarar.

Masu cewa janyewar za ta sa mu tashi tsaye suna da hujja, amma yaron da ke kan gado yau ba zai jira mu tashi ba. An ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na tarayya na 2025 don toshe giɓin. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi lafiya, gwamnatin tarayya kuwa tana yawo ne a kusan kashi biyar.

16. Zakka da waƙafi za su iya maye gurbinsa?

Wani ɓangare, i. Ƙidayar hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta 2022 ta nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa a Najeriya, sama da miliyan 10 daga cikinsu a jihar Kano, adadin da ya fi na kowace jiha. A garin da ke da Kwari, Singa, Wambai da Dawanau, kuma yake da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, zakkar da aka fitar yadda shari'a ta ce za ta riƙe marayu, zawarawa da baƙin da hanya ta yanke musu masu yawa. A ba mutum ɗaya jarin da zai tsaya da ƙafarsa ya fi a tara ɗari a ƙofar gida a raba musu kuɗin mota. Kada kuma a manta, mafi yawan waɗanda suka gudo daga Borno gidajen jama'a ne suka karɓe su, kafin kowace ƙungiya ta zo.

Abin da zakka ba za ta yi ba shi ne sayen rigakafin miliyoyin yara, ajiye shi cikin sanyi daga Legas zuwa Doguwa, da biyan albashin ungozoma. Wannan aikin haraji ne da kasafi. Don haka in ɗan majalisarku ya zo unguwa, a tambaye shi nawa aka saki daga kasafin lafiya, domin abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban. In kun ga yaron maƙota yana ramewa, gashinsa ya yi ja ko ƙafarsa ta kumbura, a kai shi asibiti a auna damtsensa, kada a tsaya jiƙo. In kuma kun ga abincin tamowa a kan tebur a kasuwa, kada ku saya, ku sanar da mai unguwa ko shugaban asibitin da ke kusa.